Dawar Hawaja a Tulun Hajo

Shekara shida Cindo ya yi yana sa wa dawa hula. Haka mutanen unguwarsu a Gadarif suke kwatanta aikinsa, kuma ba su yi masa ƙarya ba. Da zarar dawa ta fara fid da kai a gonar gwaji da ke yamma da gari, za ka gan shi da buhu a kafaɗa yana bin layi, yana cusa kowane kai cikin 'yar jakar takarda yana ɗaure bakinta da zare, don kada iska ta kwaso garin furen wata ta zuba wa wata, iri ya gauraye. Kafin wannan aikin, yankan dawa yake yi a manyan gonakin 'yan kasuwa na Simsim, inda tarakta ke shuka a kwana biyu abin da mutane za su yi wata biyu suna yanka da lauje. Shekara ashirin na wannan yankan su suka lanƙwasa masa baya. Yana neman inda zai raɓa ne Allah ya haɗa shi da Hawaja Arkadi, Hawaja kuwa shi ne sunan da ake kiran kowane Bature da shi a nan.

Hawaja Arkadi tsoho ne mutumin Rasha, masanin iri, mai Larabcin kasuwa wanda ba ya raba mace da namiji. Ya zo ne a zamanin da 'yan ƙasarsu ke gina babban rumbun siminti na kusa da tashar jirgi. Su suka gama suka koma, shi ya tsaya saboda ƙuduji. Duk wanda ya taɓa noman dawa ya san ta, ciyawar nan mai fure ja-ja da Larabawa ke kira buda. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa ta tsotse, kafin ka ga furenta an riga an gama da kai. Gonakin tarakta, da ake bin su da dawa shekara da shekaru ba hutu, sun cika da ita. Ɗan kasuwa in gonarsa ta mutu sai ya matsa gaba ya sare sabon daji. Talaka kuwa ba inda zai matsa. Cindo kansa yana da gona faddan biyar, wajen eka biyar ke nan, a wani ƙauye kusa da Hawata, gadon ubansa, wanda ya taso daga Haɗeja zai tafi Makka, ya tsaya noman guzuri, bai ƙara ɗaga ƙafa ba. Rabin gonar ƙuduji ta riga ta cinye.

Abin da Hawaja yake nema shi ne dawar da ƙuduji ba za ta iya kamawa ba. Ya tara iri daga ko'ina, daga duwatsun Nuba, daga iyakar Habasha, har daga tulunan tsofaffin mata. Yana shuka su a filin da ya cika da ƙuduji da gangan, ya bar waɗanda suka mutu, ya ɗebi waɗanda suka yi ɗan ƙoƙari. Bayan damina shida abin ya tsaya a kan ambulan ɗari da sittin da huɗu cikin wani akwatin ƙarfe, kowace da ƙwayoyi cikin tafin hannu, da rubutun Rasha a bayanta. Uku daga ciki su ne zancen. Shekara biyu a jere sun tsaya kore shar a tsakiyar furen ƙuduji. A gona Cindo ya san su da turakunsu kamar yadda mutum ke sanin 'ya'yansa, amma a hannu ƙwayarsu fara ce ƙarama, ba ka raba ta da wasu arba'in. Hawaja ya ce saura damina biyu a raba wa mutane. Cindo ya riga ya kai labarin ƙauyensu, har in ya je suna ko gaisuwar mutuwa sai an ja shi gefe an tambaye shi.

Ana saura kwana biyar shuka, cikin watan Yuli na shekarar saba'in da ɗaya, rediyo ya yanke waƙa ya shiga kiɗan soja. Wasu hafsoshi sun karɓe Khartum, aka ce masu jar tuta ne, 'yan kwaminis irin na Rasha. Washegari da hantsi Cindo yana feƙe turaku sai ga Jatau a kan tarakta, da jan ƙyalle ɗaure a bututun hayaƙi. Jatau ƙanin Hajo ne, matar Cindo. Direba ne, ɗan ƙungiyar ma'aikata, mai baki, tun yana ƙarami yake tsokanar mijin yayarsa.

"Yaya Cindo mai huluna, jefar da itatuwan nan," in ji shi. "Daga yau ma'aikaci ke mulki."

"To sauko ka fara da mulkin garmar can, ba a sa mata mai ba."

Jatau ya sauko ya rungume Hawaja, ya yi masa barka da Larabci, wai danginsa ne suka hau. Ya ce gonakin 'yan kasuwa za su koma hannun masu yanka, kowane ƙauye zai sami tarakta da likita. Hawaja ya yi godiya, ya tambaye shi ko ya karya. Da Jatau ya tafi da hayaniyarsa, tsohon bai koma aiki ba. Ya haɗa shayi da kansa, ya zauna gindin aduwa, ya ba Cindo labarin da duk shekarun nan bai taɓa ba shi ba.

Garinsu Saratov, a bakin wani kogi da kogin Rahad na nan a cikarsa ba ya kai rabin rabinsa, kogin da ke daskarewa da sanyi har keken doki ya bi ta kansa. Ubansa irin aikin Cindo yake yi a gidan binciken alkama, kafa turaku da ɗaure kai. Shi yana da shekara takwas aka tuɓe sarkinsu. Ya ce bai taɓa ganin murna irin ta wannan makon ba. Mutanen da ba su san juna ba suna rungumar juna a titi, ɗalibai suka ɗauki ubansa a kafaɗa don kawai hannunsa da kanta. Kuma bai ce duka yaudara ba ce. Sababbin masu mulki suna son ilimi da gaske. Sun ja wutar lantarki har ɗakin iri, sun sayo madubin da ke nuna cikin ƙwaya, sun buɗe makaranta ga 'ya'yan waɗanda kakanninsu ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Shi kansa da wannan ƙofar ya shiga ya zama abin da ya zama. Amma bayan shekara huɗu fari ya zo, kuma kafin farin masu takarda a hannu sun riga sun bi ƙauyuka sun share rumbuna. A ƙarƙashin fitilar lantarkin nan ƙanwarsa ta rasu, ciki a kumbure da ɓawon itacen da suke dafawa. Can daga baya aka zo aka tafi da ubansa, lokacin uban ya zama babba a wurin, don an tambaye shi yaushe sabuwar alkama za ta fito ya ce shekara goma, su kuwa biyu suke so su ji. Aka kwashe duk abin da ke ɗakin, takarda da iri, aka loda a mota. Ba a ƙara ganin ko ɗaya ba.

Cindo ya yi masa ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, sannan ya tambaye shi ko a ganinsa waɗannan na Khartum za su daɗe.

"Ban sani ba," in ji Hawaja. "Amma kowa ya ci, ofis zai fara zuwa."

Ya shiga ya jawo akwatin. Ya zaro ambulan ukun nan, ya yi wa kowace zobe da jan fensir a gaban idon Cindo, ya mayar. Ya ce littafin da ya rubuta bayanin kowane iri zai zauna wurinsa, iri wurin Cindo, in ɗaya ya tafi ɗaya ya rage. Ran Asabar in gari lafiya su yi shuka.

Cindo ya ɗora akwatin a jaki ya kai gida ya tura ƙarƙashin gado. Ya yi tunanin ya cire ukun ya sa a aljihu, sai ya tuna gumi da ruwan sama suna kashe iri, ya bar su. Abin da ya ce wa Hajo kawai shi ne amanar Hawaja ce, kada kowa ya taɓa. Bai ƙara komai ba. A shekara shidan nan bai taɓa zama ya gaya mata mene ne aikin ba. Shi a wurinsa zancen wurin aiki na maza ne. Ita ma ba ta tambaya ba, abin da ta sani shi ne mijinta yana gadin dawar Bature kuma unguwa na yi masa dariya.

Kwana uku masu jar tuta suka yi. Ran Alhamis da la'asar rediyo ya sake juyawa, na da suka dawo, kuma da fushi suka dawo. Ran Asabar, ranar da za a yi shuka, aka kama Jatau a garejin taraktoci, da man inji a hannunsa. Aka kulle ofishin gonar gwaji bayan an kwashe abin da ke ciki, har da littafin. Hawaja aka ajiye shi a masaukin gwamnati da soja a ƙofa, aka ce duk Rashawa za su bar ƙasar.

Ran Lahadi tun da safe Cindo ya je masaukin ko za a bar shi ya ga Hawaja. Ya tsaya a inuwar katanga har azahar. Sojan ƙofa ya ce masa in yana ƙaunar kansa ya daina cewa ya san mutumin. Da ya dawo unguwa, tun daga bakin layi ya ga sawun manyan takalma a cikin laka, tabarmi da tukwane a watse a ƙofofi. A tsakar gidansa Zaituna ce zaune, matar Jatau, da 'ya'yanta uku da ƙullin kaya, idonta ya kumbura. Hajo kuwa tana tsaye a bakin ɗaki, hannu a ƙugu, fuskarta irin ta wadda ta fid da akuya daga rijiya.

Ta ba shi labari tun bai zauna ba. Sojoji sun bi gida gida suna neman abokan Jatau. Gida na uku daga nasu sun tafi da Hamisu tela, saboda wata takardar magani mai rubutun Rasha da aka samu cikin kwandon zarensa, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Da ta ji haka sai ta jawo akwatin ta buɗe, ta ga takardu cike da irin wannan rubutun, har wasu da jan zane. Ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ita da Zaituna suka riƙa yage bakin ambulan suna juyewa cikin tulun iri, suna cusa takardun cikin wutar da ke ƙarƙashin kaskon toya kisra, wainar dawa. Ta zuba toka ta cuɗa, yadda uwarta ke ajiye iri don ƙwari. Akwatin ta cika shi da zannuwanta. Da sojojin suka shigo, ɗaya ya cusa hannu cikin tulun har gwiwa, ya zaro, ya goge a wandonsa, ya nemi ruwan sha.

"Ko ƙwaya ɗaya ban zubar ba, Baban Shatu," ta ce. "Waɗanda suka faɗi ƙasa ma na tsince su."

Cindo ya leƙa tulun. Ja da fari da ruwan ƙasa, manya da ƙanana, duk sun yi furfura da toka. Ya ɗauko faifai ya zuba, ya zauna a ƙofar ɗaki yana warewa da yatsa. Jajayen ya iya fitarwa, da masu baƙin kai. Sai farare ƙanana suka taru a gabansa tsibi guda, iri arba'in da wani abu, kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya mayar da komai cikin tulu.

Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Amma da ta kawo masa abinci ya ture, ya ce gara da shi suka tafi da shi.

Hajo ta ajiye kwanon a hankali. "Da sun tafi da kai, da akwatin za su haɗa. Sai in rasa ƙane da miji a mako ɗaya, dawar ma ba ta tsira ba."

Ya ce mata akwai uku a ciki da suka fi gidan nan daraja, masu jan zane, aikin shekara shida, kuma da su kaɗai ta ɓoye a ƙullin zane da ba a yi asarar komai ba.

"Ka gaya mini?" ta ce. "Shekara shida kana shiga kana fita, ka taɓa ce mini wannan dawa ba ɗaya take da waccan ba? Ni dawa na gani, na ajiye ta yadda ake ajiye dawa."

Ya tashi ya fita. Daga ranar magana tsakaninsu ta koma ta dole: ga ruwa, an kira salla, rufe ƙofa.

Cikin makon aka sallami ma'aikatan gonar gwaji duka. Zama a gari ba aiki da baki bakwai, su da 'yarsu Shatu da iyalin Jatau, ba zai yiwu ba, ga damina tana wucewa. Cindo ya ce su koma ƙauye. Hanyar mota ta mutu, baƙar lakar nan ta Gadarif in ta sha ruwa ko rakumi sai ya yi tunani, don haka jirgin ƙasa suka bi. A tasha ne ya hangi fararen kawuna uku ana shigar da su taragon gaba da soja biyu. Na ƙarshensu Hawaja ne, da 'yar jaka ɗaya.

Tun daga Gadarif Cindo yake zaune da tulun tsakanin ƙafafunsa yana shawara da zuciyarsa. Tsohon zai tafi ba zai dawo ba. In aka ce masa amana tana nan lafiya, zai mutu a garinsu da sanyin rai, ba kuma mai ƙaryata zancen. Har ya shirya kalmomin. Amma wani abu ya hana shi sakewa da su: in ya yi ƙarya, ba wanda zai gaya masa abin da zai yi da tulun, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya sani.

Jirgin ya tsaya shan ruwa a wata 'yar tasha bayan azahar. Cindo ya sauka da tulun a kafaɗa ya bi gefen layin dogo har taragon gaba. Hawaja yana bakin taga. Da ya gan shi fuskarsa ta washe, da ya ga tulun kuma ta tsaya. Cindo ya gaishe shi, ya ɗebo hannu guda ya miƙa sama. Ya faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan, bai rage nasa laifin ba.

Tsohon ya karɓi ƙwayoyin ya hura tokar. Ya juya su da babban yatsa, ya sake juyawa. Can ya tambaya duka ne, Cindo ya ce duka. Ya tambaya wa ya yi, Cindo ya ce mai ɗakinsa. Hawaja ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda ba daɗi a cikinta.

"Ka gaishe ta," ya ce. "Tana da sauri. Ni uwata ba ta yi wannan saurin ba ranar da aka zo wa ubana."

Sojan da ke gadinsu ya matso ya ce zancen ya isa. Hawaja ya ba shi taba, ya ci gaba da magana da gaggawa, Larabcin yana karyewa. Ukun suna nan a ciki, ba su mutu ba, sunansu ne ya ɓata. Cindo ya nemi wurin da ƙuduji ta fi muni a gonarsa ya shuka a can, ba inda ya fi kyau ba. Rabi kawai, ya ajiye rabi ko damina za ta ci amana. Duk karan da ya tsaya ya rufe kansa kafin fure ya buɗe. Kada ya yarda da su tukuna, don wani karan sa'a ce kawai ta tsayar da shi, ƙuduji ba ta bi ta gindinsa ba. Baɗi kowane kai layinsa daban, a sake zubar da maƙaryata. Shekara uku, in ba a yi kuskure ba.

"Ni ba zan gani ba," ya ce.

Cindo ya ce rai na hannun Allah. Jirgin ya yi kuka. Hawaja ya juye ƙwayoyin cikin tafin Cindo, ya kakkaɓe har wadda ta maƙale tsakanin yatsunsa. Cindo ya koma taragonsu da gudun mai ciwon baya. A Hawata suka sauka, jirgin ya wuce yamma.

Ya yi shuka a ƙarshen mako na farko na Agusta, a makare. Wajen kudu na gonar, inda ƙasa ke da sauran ƙarfi, ya sa irin gida da ya roƙa wurin dangi don abinci. Kusurwar arewa kuwa, wadda ko jaki ba a ɗaurewa a cikinta don ba abin ci, nan ya bi da sungumi yana zuba irin tulu. Maƙwabta suka tsaya kan iyaka suna kallo. Wani tsoho ya ce shi dai ya ga mai shuka a makare, ya ga mai shuka a dutse, amma bai taɓa ganin mai kai wa buda abinci har gida ba. Suka tambaye shi ko wannan ce dawar da ya yi musu alkawari. Ya ce tana ciki. Suka ce cikin me? Bai iya bayani ba, suka watse suna girgiza kai.

Labarin Jatau bai zo ba. Wani ya ce an gan shi a kurkuku can gabas, wani ya ce ba shi ba ne. Zaituna ta daina tambayar masu saukowa daga jirgi.

Watan Satumba shi ne watan da rumbu ya ƙare, gona ba ta nuna ba. Dangi sun taimaka iya ƙarfinsu, amma su ma ƙuduji ta daɗe da rage musu hannu. Hajo da Zaituna suna tsinko rama da tafasa, ana dafawa da gishiri. Wata safiya Cindo zai fita, Hajo ta ɗauko tulun ta ajiye a gabansa. Ba ta buɗe ba.

"'Yar autar Zaituna ba ta iya tashi yau ba," ta ce. "Ban taɓa ba. Ba zan ƙara taɓa kayanka ba sai ka ce."

Ya san abin da ke ciki bai fi abincin kwana uku ba in an yi kunu. Ya kuma san shi ne duk abin da ya rage in na gona ya ƙi. Ya tsuguna ya ɗora hannu a bakin tulun, ya ji sanyin yumɓu. Daga cikin bukka yana jin numfashin yarinyar.

"Ki wanke tokar da kyau," ya ce, ya ɗauki fartanya ya fita.

Kunun ya riƙe su har wani ɗan'uwa ya dawo daga yankan riɗi da abin da ya samu. Yarinyar ta tashi.

A lokacin kusurwar arewa ta riga ta koma ja da fure, kyakkyawa kamar an shimfiɗa zanen biki. Dawar ta yi rawaya ta tsuguna, yawancinta ko gwiwa ba ta kai ba. Amma nan da can, a warwatse, akwai karan da ya miƙe kore. Cindo ya bi ya ƙirga sittin da 'yan kai. Ba shi da jakar takarda ko ɗaya. Ya taka har kasuwar Hawata ya bi masu kanti yana roƙon tsofaffin buhunan siminti da na sukari, suna ba shi suna dariya. Da ya dawo ya zube su a tsakar gida, ya rasa yadda zai yi, don na Hawaja da gam ake liƙa su. Hajo ta dube su, ta tambaye shi tsawon kan dawa da faɗinsa. Wannan karon ya zauna ya gaya mata komai, da garin fure, da iska, da dalilin layi daban-daban. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ashe abin ba wuya, ta ɗauko allura. Takardar ta isa jaka arba'in. Sauran karan ya bar wa iska da tsuntsu.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Ƙasa ta fara tsagewa alhali kan dawa na da ruwan nono, bai ƙosa ba. Da ya kwance jakunkunan a watan Nuwamba, wasu kawunan ƙaiƙayi ne zalla, wasu sun yi fumfuna inda raɓa ta shiga ta ɗinki. Masu ƙwaya ashirin da uku ne. Tara daga ciki ja ne, ya san ba su ba ne, sa'a ce ta tsayar da su. Goma sha huɗu farare ƙanana. Ko ukun nan suna cikinsu, ko ɗaya, ko babu, ba mai iya faɗa masa.

Ya kawo su gida cikin kwando, kowane kai da zarensa. Gonar kudu ta ba da abin da zai kai su watan huɗu in an yi tsimi. Hajo ta tambaya ko a sussuka. Ya ce a'a, a rataye su haka, kowane daban, sama da murhu inda hayaƙi ke bi. Ta ce jajayen fa. Ya ce su a dafa.

Ta hau turmi tana karɓa ɗaya ɗaya tana ɗaurewa a jikin azara. Ta tambaye shi shekara nawa Hawaja ya ce. Ya ce uku, in ba a yi kuskure ba. Ta ce kuma duk shekara kusurwar nan ba za ta ba su abinci ba. Ya ce haka ne. Ta ƙulla zare, sannan ta ce da baki bakwai da bayan nan nasa, ita ba ta ga shekara uku ba.

Cindo bai musa mata ba. Ya miƙa mata kai na gaba.